Yadda Ake Sana'ar Tallan Kaya Ta Taron Gida Idan Tattalin Arziki Ya Matse

Tsarin sana'ar nan ba shi da wuyar ganewa. Kamfani yana da kaya amma ba ya kai su kanti, ke ce wakiliyarsa. Wata mata ta ara miki falonta na awa ɗaya ko biyu, ta gayyato ƙawayenta da maƙwabtanta, ki zo ki baje kayan, a taɓa, a gwada, a yi tambaya, wadda ta ga abin da ya yi mata ta yi oda. Ke ki samu kamasho a kan abin da aka saya, mai gidan kuma ta samu kyauta ko ragi gwargwadon cinikin da aka yi a ɗakinta. Maza ma suna yi, amma tun asali mata ne suka riƙe sana'ar, shi ya sa da ke nake magana, 'yar'uwa.

Kada ki ɗauka sai lokacin wadata ake yin ta. A cikin ƙunci ta yi ƙarfi. Kamfanin Stanley Home Products, wanda aka kafa a Amurka a 1931, a tsakiyar babbar karayar tattalin arzikin da ta biyo bayan rushewar kasuwar hannun jari ta 1929, yana cikin na farko da suka daina bin gida-gida suka koma tara mata a ɗaki ɗaya. A can Brownie Wise ta koyi aikin kafin a ɗora ta a kan tallan Tupperware, kamfanin robobin ajiye abinci, a 1951, lokacin da kamfanin ya janye robobinsa daga kantuna domin murfinsu sai an nuna wa mutum yadda ake rufe shi kafin ya gane amfaninsa. Mary Kay Ash ma ta yi aiki da Stanley kafin ta kafa nata kamfanin na kayan shafa a 1963.

Sai dai idan rayuwa ta yi tsada abu biyu ke faruwa a tare. Masu shigowa sana'ar suna ƙaruwa domin kowa na neman abin toshe ƙofa, masu saye kuma suna raguwa. A irin wannan hali abu biyu za ki tsare: kada kuɗinki ya kwanta a cikin kaya, kada kuma ki sayar da amanar mutanenki saboda cinikin rana ɗaya. Duk matakan da ke ƙasa a kansu aka gina su.

Kayan da za ki tanada

Jakar samfuri. Kamfani ne zai sayar miki ranar rajista. Idan akwai babba da ƙarama, ɗauki ƙarama. Kaya takwas zuwa goma da kika san su ciki da waje sun fi talatin da za ki tsaya kina karanta bayansu a gaban mutane.

Kundin kaya mai hotuna da jerin farashi na yanzu. Duba kwanan watan da ke jikinsa kafin kowane taro, domin a lokacin hauhawar farashi kamfani kan sauya kuɗin kaya ba tare da dogon gargaɗi ba.

Takardun oda masu kwafi biyu, birori da yawa, da littafin rasit.

Littattafai biyu: ɗaya na shige da ficen kuɗi, ɗaya na sunayen masu saye, da abin da kowace ta saya da ranar da ta saya. Idan wayarki ko kwamfuta ta fi miki sauƙi, rubuta a can. Abin da bai kamata ba shi ne ki bar su a ka.

Asusu na daban, wanda kuɗin gida ba ya shiga. Idan buɗe sabon asusu bai samu ba, ware jaka ɗaya mai zif wadda babu abin da ke shiga sai kuɗin sana'a.

Mayafin tebur mai launi ɗaya, canji, kalanda, da abin tsafta gwargwadon kayanki. Mai tallan kayan shafa tana buƙatar auduga, madubi da 'yan sandunan ɗibar mai waɗanda ake yarwa bayan amfani ɗaya. Kada a riƙa sa yatsa a kwalba ɗaya ana zagayawa.

Allon talla, katunan suna masu tsada, riga mai tambarin kamfani, duk waɗannan su jira. Ba su kawo ciniki a falon mutane.

1. Zaɓen kamfani da irin kaya

Nan ake cin riba ko a karye tun kafin taron farko, saboda haka kada ki yi gaggawa ko da wadda ta kawo miki maganar aminiyarki ce.

Fara da kayan. A lokacin matsi, abin da ke tafiya iri biyu ne: abin da ke ƙarewa a sake saye, kamar sabulu, man shafawa da kayan wanke-wanke, da kuma abin da ke rage wa mai gida kashe kuɗi, kamar mazubin da ke hana abinci lalacewa ko kayan girki masu ƙarko. Kayan ƙawa zalla, irin su kyandir mai ƙamshi da kayan ado na bango, su ne farkon abin da mutane ke gogewa daga lissafinsu. Tambayi kanki tsakani da Allah: da ba ni ke sayarwa ba, zan sayi wannan a wannan farashin? Idan amsar a'a ce, babu daɗin bakin da zai ceci sana'ar. Ki kuma leƙa kantuna da intanet ki ga nawa ake sayar da makamancinsa, domin baƙinki za su duba a wayarsu kina cikin magana.

Sannan ki nemi amsar waɗannan a rubuce, ba a baki ba. Nawa ne kamasho a kan abin da kika sayar da hannunki? A yawancin kamfanoni yana faɗowa tsakanin kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari. Akwai adadin da dole ki saya duk wata kafin a ci gaba da ɗaukarki a matsayin wakiliya? Wa ke biyan kyautar mai masauki, ke ko kamfani? Wa ke biyan kuɗin aiko da kaya? Akwai kuɗin wata-wata na shafin intanet ko na sabunta rajista? Idan kika bar sana'ar, za su karɓi kayan da suka yi kwantai? Ƙa'idar ƙungiyar kamfanonin talla kai tsaye ta Amurka ita ce kamfani ya mayar wa mai barin aiki aƙalla kashi 90 cikin ɗari na kuɗin kayan da ta saya cikin watanni 12 da suka wuce, muddin kayan suna da lafiyar sayarwa. Ki auna kowane kamfani da wannan mizanin, ko a wace ƙasa kike.

Gargaɗi mafi girma yana nan. Akwai masu fakewa da sunan wannan sana'a alhali shigo-shigo ba zurfi suke yi. Alamarsu ɗaya ce: a taronsu ana maganar kawo mutane fiye da maganar kaya. Za a nuna miki hotunan motoci da tafiye-tafiye, a ce kuɗin gaske yana cikin shigo da mutum biyar, kowane ya shigo da biyar. Tambayi wadda ke jawo ki: a cikin abin da kika samu watan jiya, nawa ne ya fito daga mutanen da suka sayi kaya don amfaninsu, ba wakilai ba? Idan ta fara kame-kame, kin samu amsa. Ba ƙaramar magana ba ce: a 2016 kamfanin Herbalife ya amince ya biya dala miliyan 200 a sulhun da ya yi da hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, aka kuma wajabta masa ya sake tsarin biyansa ya dogara da ainihin sayar da kaya ga masu amfani. Wasu kamfanoni suna fitar da takardar da ke nuna abin da wakilansu ke samu a shekara. Nemi ta. Kada ki kalli layin sama, kalli inda mafi yawan mutane suke.

Tsufan suna ma ba garanti ba ne. Tupperware da kansa ya shigar da takardar neman kariyar kotu daga masu binsa bashi a Satumba 2024. Darasin da ke ciki gare ki shi ne kada ki bar kuɗinki ko kuɗin masu saye ya daɗe a hannun kowane kamfani.

Idan ba ki samu kamfanin da ya kwanta miki ba, tsarin taron gida yana aiki ba tare da shi ba. Yi yarjejeniya da mai sana'ar hannu ko mai sari da kika yarda da ingancin kayansa, ki karɓi samfuri, ki tara oda, ki kai masa, ki cire la'adarki. Ku rubuta yarjejeniyar, har da abin da za a yi idan kaya ya zo da aibi.

2. Lissafi kafin ki gayyaci kowa

Sababbi da yawa suna kallon jimillar ciniki su ɗauka ribarsu ke nan. Ga misali, da kowane irin kuɗi kike aiki. A ce cinikin taro ya tashi 1,000, kamashonki kashi 25 ne, wato 250. Kuɗin mota zuwa da dawowa 40. Zagayen raba kaya gida-gida 40. Kyautar mai masauki daga aljihunki 50. Samfurin da aka ƙarar wajen gwaji 30. Kiran waya da data 20. An cire 180, saura 70. A kan wannan 70 ɗin kin kashe awa takwas tsakanin gayyata, shiri, taro da raba kaya.

Yanzu gyara abu biyu kawai. Kyautar mai masauki ta fito daga tsarin kamfani, kin ceci 50. Kaya duka a sauke su a gidan mai masauki, kowa ta zo ta ɗauka, kin ceci 20. Riba ta koma 140, ninki biyu, ba tare da an ƙara sayen ko abu ɗaya ba. A lokacin matsi ribarki tana cikin irin waɗannan ƙananan ramukan da kika toshe. Yi wannan lissafin da lambobinki na gaskiya, ki fitar da mafi ƙarancin cinikin da taro zai yi kafin ya biya wahalarsa. Rubuta lambar a shafin farko na littafinki.

Ki kuma binciki dokar inda kike a kan rajistar ƙaramar sana'a da haraji, da haƙƙin mai saye na fasa ciniki. A Amurka, wanda ya sayi kaya a irin wannan taro, idan kuɗinsu ya kai adadin da doka ta ƙayyade, yana da kwana uku na aiki ya fasa. A ƙasashen Tarayyar Turai kwana 14 ne ga cinikin da aka ƙulla a wajen shago. Ko dokar ƙasarku ba ta tilasta ba, ba wa mutanenki kwana biyu ko uku na sake tunani kafin ki tura oda.

3. Samun mai masauki da shirya ta

Taron farko ki yi shi a ɗakinki, da mutanen da ba za ki ji nauyin yin tuntuɓe a gabansu ba. Manufarsa ki saba da magana, ki kuma samu mutum biyu da za su karɓi taro a gidajensu.

Mai masauki ta gari ba sai mai babban gida ko mai kuɗi ba. Nemi wadda ake jin maganarta, wadda idan ta kira ana zuwa, wadda kuma take son wani abu a cikin kayanki da aljihunta bai kai ba a yanzu. Wannan ta ƙarshen ita ce zinariyar lokacin matsi. Faɗa mata a fili: "Yaya, wannan tukunyar da kike so, idan cinikin ɗakinki ya kai kaza, za ki same ta a rabin kuɗi, idan ya kai kaza, kyauta ce." Sa ta zaɓi abin da take so tun kafin taro, domin wadda ta san abin da take nema ta fi ƙwazon gayya.

Ku yi magana sau uku: ranar da kuka sa rana, tsakiyar lokaci, da jajibirin taron. Abin da za ki nanata mata kaɗan ne. Kada ta yi girki. Ruwa ko abin sha mai sauƙi ya wadatar, domin idan karɓar taro ya zama ɗawainiya, babu baƙuwar da za ta yarda ta karɓi na gaba. Ta gaya wa kowa gaskiyar abin da za a yi, kada ta ce hira ce kawai mutane su zo su tarar da talla. Ta kuma nuna kundin kaya ga waɗanda ba za su samu zuwa ba, ta karɓi odarsu, wannan kan ƙara cinikin taro sosai.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sa rana da nisa. Abin da ya wuce mako uku, zafin maganar ya huce. Sa ranar a cikin 'yan kwanakin da suka biyo bayan lokacin da yawancin baƙin ke samun kuɗinsu, albashi ne ko wani abin. Taron da aka yi lokacin da aljihu ya bushe yabon kaya kawai za ki kwasa.

4. Gayyata

A gayyaci ninki biyu ko uku na adadin da ake so, domin ba kowa zai zo ba. Mutum shida zuwa takwas a ɗaki sun isa. Gayyata ta fito daga bakin mai masauki, mutum ɗaya-ɗaya, da kira ko saƙo mai ɗauke da sunan wadda ake gayyata. Saƙon da aka watsa a zauren WhatsApp kowa na ɗauka da wani ake. A saƙon a faɗi lokacin farawa da na tashi, a kuma ƙara da cewa ba dole ne a saya ba. Wannan jimlar takan kawo mutanen da kunya za ta hana su zuwa.

5. Ranar taro

Iso da rabin awa kafin lokaci. Tebur ɗaya, inda haske yake, kaya a jere wasu sama wasu ƙasa. Kada ki fito da komai lokaci ɗaya, bar biyu ko uku a jaka don tsakiyar nuni. A tanadi wani ɗan gefe, ko da kujeru biyu ne a lungu, inda za a karɓi oda. Zan dawo kan dalilin.

Fara a kan lokaci, ko da mutum uku ne suka iso. Gode wa mai masauki, faɗi sunanki, ki sanar da su cewa nunin ba zai wuce minti 30 ba, ki kuma cika alkawarin. Daga nan ki rage magana ki sa kaya a hannunsu. Wadda ta buɗe murfi da kanta, ko ta shafa mai a bayan hannunta, ko ta goge tabo ta ga ya fita, ta riga ta yi rabin shawara. Idan akwai wadda ta taɓa amfani da kayan, bar ta ta faɗi abin da ta gani, maganarta ta fi taki nauyi a ɗakin.

A lokacin matsi, yadda ake maganar farashi shi ne gwanintar. Kada ki ɓoye shi zuwa ƙarshe, kada kuma ki faɗe shi kina sunkuyar da kai. Faɗi kuɗin, sannan ki raba shi da tsawon amfani: wannan kwalbar tana kai wata nawa, ke nan nawa ne a mako. Amma lissafin ya zama na gaskiya wanda kika gwada a gidanki. Tabbatar akwai kaya hawa uku, mai araha da kowa zai iya ɗauka ba tare da tunani mai tsawo ba, matsakaici, da babba. Babban sau da yawa ba don a saya yau kike nuna shi ba, don wata ta yi sha'awar karɓar taro ta same shi da ragi ne. Idan kaya saiti ne, ba da shawarar mutum biyu ko uku su haɗa kuɗi su raba.

Idan wata ta ce ya yi tsada, kada ki yi musu. Tambaye ta me take amfani da shi yanzu. Wani lokaci za ki ga abin da take da shi ya ishe ta, sai ki gaya mata haka. Na san wannan yana da wuyar faɗa ga mai neman ciniki, amma matar da kika hana ta ɓarnar kuɗi ita ce za ta kira ki da kanta ranar da take da buƙata, ta kuma turo miki wasu.

Abubuwa uku kada su fito daga bakinki. Kada ki ce wani kaya yana warkar da cuta. Kada ki ce yau kaɗai ne ragin alhali ba haka ba ne. Kada ki kushe kayan wani kamfani, wataƙila shi ne a jakar wadda ke zaune kusa da ke.

6. Karɓar oda da kuɗi

Ga dalilin lungun nan. A ɗakin akwai wadda mijinta ya rasa aiki watan jiya, akwai wadda kuɗin makarantar yara ya sha mata kai, ba kuma za su faɗa ba. Idan aka karɓi oda a bainar jama'a, ɗayan biyu ne: ko ta sayi abin da ba ta da halinsa don kunya, ta koma gida tana jin haushinki da na mai masauki, ko ta ƙi saye ta ji an tozarta ta. Duk biyun asara ce. Ba wa kowa takardar oda, su zo ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta miƙo takarda babu komai, gode mata da fara'a daidai da wadda ta sayi da yawa, ki tambaye ta ko tana so ki sanar da ita idan an yi ragi.

Maganar bashi kuwa, ki yanke ta tun yanzu: ba a tura oda sai an biya. Za a roƙe ki, kuma masu roƙon mutanenki ne. Amma kamfani ba zai ba ki bashi ba, saboda haka duk bashin da kika bayar daga uwar kuɗinki ya fita, kuma idan kamashonki kashi 25 ne, mutum ɗaya da ta ƙi biya ta cinye ribar mutum uku da suka sayi irin kayan. Ƙari a kan haka, bin bashi yana ɓata zumunci fiye da hana shi. Amsar da ke aiki ita ce: "Anti, tsarin ne haka, sai an biya ake fitar da kaya. Amma ki ba da kafin alƙalami yau, ki cika kafin ranar kaza, in sa ki a odar." Wato biya kashi-kashi kafin karɓar kaya, ba bayan karɓa ba. Kowane kashi ki rubuta rasit. Idan ta kasa cikawa, mayar mata da kuɗinta cif.

Kuɗin da kika karɓa amana ne har kaya su isa hannun mai su. Kada ki taɓa shi don wata buƙatar gida da niyyar za ki mayar. Bar odar a buɗe kwana biyu ko uku don masu sake tunani da waɗanda ba su zo ba, sannan ki tura.

7. Ki fita da taro na gaba a kalanda

Taron da aka yi ciniki mai kyau amma babu wadda ta karɓi na gaba ya kawo kuɗin yau ne kawai. Lokacin karɓar oda ki tambayi kowa, ba waɗanda kike zaton za su yarda kaɗai ba. Mai ƙaramar oda wadda ta daɗe tana juya babban kaya a hannunta ita ce ta fi kusa. Buɗe kalanda ki nuna mata rana biyu ta zaɓa. Ki kuma nemi wadda da'irarta ta bambanta, abokan aikinta ko dangin mijinta, domin idan mutum goman nan su ne ake ta gayyata daga wannan falo zuwa wancan, kafin wata biyu za su fara ƙin ɗaukar waya.

8. Kai kaya da bibiya

Idan kaya sun iso, buɗe ki duba kowanne, ki ƙulla na kowa daban da sunanta da kwafin odarta. Idan an samu jinkiri ko wani abu ya ƙare a kamfani, ke za ki fara kira, kada ki bari a neme ki. Bayan mako ɗaya ko biyu ki tambayi yadda aka samu kayan. Wanda ya zo da matsala, karɓe shi ki bi hanyar canji ba tare da dogon turanci ba.

Littafin sunaye a nan yake biyan wahalarsa. Idan kin san man da wata ta saya yana kai wata biyu, tuntuɓe ta ana saura mako ɗaya ya ƙare. Irin wannan odar ba ta cin kuɗin mota, ba kyautar mai masauki, ba samfuri. A watannin da taro ya yi wuya, ita ce ke riƙe sana'a.

9. Idan babu ɗaki, ko mutane ba sa iya haɗuwa

Ba wa mai masauki kundin kaya da samfuri biyu ko uku a ƙaramar jaka ta yi mako ɗaya da su, ta nuna wa mutanenta a inda take haɗuwa da su, ta tara oda. Ladanta daidai da na wadda ta karɓi taro. Ko kuma a yi taron ta waya, kamar yadda wakilai da yawa suka koma yi ta Zoom da Facebook a 2020 lokacin kullen annobar korona. A buɗe zaure na kwana uku kacal, mai masauki ta sa waɗanda suka amince kaɗai, ki riƙa tura gajeren bidiyon da kika ɗauka da hannunki kina amfani da kayan, oda kuma ta zo ta saƙon sirri. Ranar da aka ce za a rufe zauren a rufe shi. Cinikin waya bai cika kai na ido da ido ba tunda babu taɓawa, amma kuɗin da yake ci kaɗan ne.

10. Matsin cika adadi, shigo da wasu, da lokacin dakatawa

Ƙarshen wata zai zo cinikinki bai kai adadin da ake so ba, wadda ke samanki, wato wadda ta shigo da ke sana'ar, ta kira ta ce ki cika da kuɗinki don kada matsayinki ya sauka, ai za ki sayar daga baya. Kada ki yarda. Ita tana samun kaso a kan abin da kika saya, ko kin sayar ko ba ki sayar ba. Kayan da babu mai jiransu kwantai ne tun ranar da suka shigo, wasu ma suna da ranar lalacewa. Matsayi ya sauka, ya fi kuɗin cefanen gidanki ya koma kwalaye a ƙarƙashin gado. Haka nan kada ki ci bashi, balle mai ruwa, don sayen kaya ko zuwa babban taron kamfani.

Idan wata ta ce tana son shiga sana'ar ta hannunki, nuna mata littafin kuɗinki yadda yake, da watan da aka samu da wanda ba a samu ba. Wadda ta rasa aiki take neman abin da zai biya kuɗin haya a wata mai zuwa, gaya mata wannan ba zai yi ba. A farko ƙarin kuɗin shiga ne, yana kuma ɗaukar lokaci kafin ya tsaya da ƙafarsa.

Duk wata uku ki zauna da littafin. Haɗa duk abin da ya shigo, cire duk abin da ya fita har da rajista, samfuri da kayan da kika saya wa kanki don cika adadi, ki raba saura da awannin da kika kashe. Idan zango biyu a jere lambar ba ta kai abin da za ki samu a wani aikin ba, ko dai ki sauya irin kayan, ko ki rage zuwa masu sake oda kaɗai, ko ki dakata. Idan dakatawar ce, fara da isar da duk odar da aka biya, sanar da masu sayenki wadda za su riƙa nema, sannan ki rubuta wa kamfani takardar mayar da kayan da suka rage tun wa'adin karɓarsu bai wuce ba, ki ajiye kwafinta da rasitan sayen.